Garin Da Ya Ƙi Yi Mata Turanci

Aikina shi ne gyaran bakin masu shirin fita waje karatu. Haka nake faɗa in an tambaye ni a gidan biki, don in na ce Turanci nake koyarwa sai a fara turo mini yaran firamare. Muna da 'yar cibiya a saman wani bene a kan hanyar Naraguta, ɗakunan karatu da baranda. A ƙasanmu akwai mai gyaran janareta, wanda ba ya tashi gwada kayansa sai mun fara darasin sauraro. Ɗalibanmu duk masu neman shiga jami'o'in ƙasashen waje ne da ke koyarwa da Turanci. Mu ke shirya su: yadda za su fahimci malamin da ke magana ta hanci, yadda za su rubuta maƙala ba tare da sun kwaso ta daga intanet ba, da yadda za su amsa tambayoyi a hirar da jami'a ke yi da su ta kwamfuta kafin ta ɗauke su.

'Ya'yan Jos ba su da matsalar buɗe baki, rufe shi ne aiki. Ka tambayi yaro sunansa, ya ba ka tarihin unguwarsu, rabi Turancin makaranta rabi na buroka. Na saba da wannan, rage wa mutane surutu nake yi in karɓi albashina. Shi ya sa ban shirya wa yarinyar Maraɗi ba.

A farkon wata damina ne wani dattijo ya hawo benenmu da 'yarsa a bayansa. Malamin makarantar boko ne da ya yi ritaya, irin waɗanda can Nijar ake ce wa mushe, siriri, tsaf-tsaf, da biro a aljihun gaba. Bayan mun gaisa ya ce, “Malama, ga ɗiyata na kawo miki. Takarda ta iya, baki ne babu.”

Na tambaye shi me ya sa ya tsallake garuruwa da yawa ya zo har Jos.

Ya gyara zama ya ce, “Shawara munka yi da 'yan'uwa. In munka kai ta Kano, Hausa za ta yi ta sha har ta komo. Ikko kuwa ta yi nisa, kuma an ce garin ba shi da natsuwa. Sai wani ya ce mana Jos. Ya ce nan Turawa sunka zauna tun zamanin kuza, ga sanyi irin na Turai, ga coci ko'ina, kowa Ingilishi yake yi. Munka ce to, wanga gari shi ne daidai.”

Ni da aka haifa a Jos, na girma a Jos, ban ga abin gyara a maganarsa ba. Har wani daɗi na ji ana yabon garinmu. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya kawo ta inda ya dace.

Yarinyar doguwa ce, mai yawan sunkuyar da kai. Ta sami tallafin karatun injiniyan ruwa a wata ƙasa ta gabashin Turai, ƙasar da su kansu Turanci ba harshensu ba ne. Har yau abin yana ba ni mamaki: Bahaushiya ta yi karatu da Faransanci, ta zo Jos neman Turanci, don ta je ta saurari wani farfesa da shi ma arowa ya yi. Ta ci jarrabawar rubutu tun tana gida. Abin da ya rage shi ne hira ta kwamfuta a ƙarshen damina. Sau ɗaya ake yin ta. In ta kasa, gurbin ya koma hannun wanda ke bin ta a layi, ita kuma ta koma gida.

Na fara gwada ta da rubutu. Ta cika mini shafi a kan rijiyoyin garinsu, na bi shi da jan biro ina neman kuskure har na gaji na ajiye. Sai na tambaye ta da Turanci me ta karya da shi yau. Ta ɗaga ido sama, leɓɓanta suna motsi, ba sauti. Na jira. Na gyara mayafina, na duba wayata, na sake jira. Can ta fito da jimla ɗaya, cikakkiya, ba tabo, irin ta cikin littafi. Amma a lokacin ni har na manta abin da na tambaya.

Na ce a raina wannan mai sauƙi ne. Kunne ne bai jiƙu ba. A jefa ta cikin gari, a sama mata gidan da ba a jin komai sai Turanci, bakin zai buɗe da kansa. Kuma na san gidan.

A Rikkos akwai wata dattijuwa da ta yi shugabar makarantarmu lokacin ina firamare. Bayarbiya ce, iyayenta daga Ogbomosho suka zo, ita kuma a nan aka haife ta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse Ikko da ƙasashen waje, ɗakuna suna nan ba kowa. Mama muke ce mata. Abin da na fi tunawa da ita shi ne Turancinta a filin taron safe, wanda in ta saki jimla ɗaya ko tsuntsu sai ya yi shiru. Na kai mata yarinyar, na yi mata bayani dalla-dalla: daga gaisuwar safe har sai da safe, Turanci kawai. Mama ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da na sani tun ina ƙarama, ta ce mini da Turanci an gama. Uban ya koma Maraɗi da farin ciki, ni ma na koma ofis ina yaba wa kaina.

Makonni suka yi ta wucewa, ba abin da ya canza. A aji tana rubutu kamar injin, in an zo magana ta yi tsuru-tsuru. Sai wata rana lokacin hutu na jiyo wata murya a baranda tana ce wa wani ɗalibi, “Abeg ka ba ni caja, wayana ya mutu.” Na leƙa. Ita ce. Yarinyar da ta zo mana da wanga da munka, yau ita ce mai wayana ya mutu. Ashe kunnenta lafiya lau, harshenta lafiya lau, tana kwasar maganar gari kamar soso. Illa dai ba maganar da aka aiko ta kwasa ba ce.

Ni mace ce mai son ganin ƙwaƙwaf, mijina ya sha faɗa. Ranar Asabar na ce mata zan raka ta cefane kasuwar Farin Gada, bisa sharaɗi ɗaya: ita za ta yi duk magana, da Turanci, ni kuma a ɗauke ni bebiya.

Muka tare keke. Direban saurayi ne, da ƙaramin gicciye yana lilo a jikin madubinsa. Ta fara gaishe shi da Turanci, ta tsaya tana haɗa sauran. Bai bari ta wahala ba. “Hajiya, ina za ka je? Farin Gada? Shiga mu tafi.” A kasuwa muka tsaya gaban wata mai dankalin Turawa, 'yar ƙasa, ta ɗora hular sanyi a kan ɗankwali. Yarinyar ta fara, ta kakare. Matar ta yi murmushi ta ce, “Kai, 'yata, kar ka wahala. Na nawa kana so?” Mai sayar da katin waya ɗan ƙabilar Ibo ne, shi kuwa Hausarsa ta ciniki ta fi tawa. Duk inda ta buɗe baki, kafin ta kai kalma ta uku an tare ta da Hausa, kamar yadda ake tare wanda kaya ke neman faɗo masa daga ka.

Na kasa haƙuri, bebiya ta yi magana. Na koma wajen mai dankali na ce, “Mama, don Allah ki riƙa yi mata Turanci, koyo take yi.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Turanci? Me ya yi mini? Yarinya ya zo da mutunci, ya gaishe ni, sai in yi masa Turanci kamar ɗan sanda?” Ta ƙara wa yarinyar gyara, ni kuwa ko kallona ba ta sake yi ba.

Daga kasuwa muka wuce Rikkos tare. Yarinyar ce ta fara shiga. Mama tana tsakar gida tana tsince wake, ta ɗaga murya: “Kin dawo, 'yata? Sannu da hanya. Maza ki cire takalmin nan, ya jiƙe.” Sai ta hango ni a bakin zaure. Ta yi wuf ta juya Turanci, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Muka kalli juna, ita ta fara fashewa da dariya.

Da yarinyar ta shiga ɗaki, Mama ta gaya mini gaskiya. Turancin bai wuce ranar farko ba. Ya mutu ne lokacin da ta ga baƙuwarta zaune gaban kwanon amala tana kallonsa, ba ta san ta ina za ta fara ba. Ta ce, “Ke, ni da Turanci na yi aiki, da Yarbanci nake mafarki, amma da Hausa nake zama da mutane. Marigayi in ya ji na juya Turanci ya san yau ba lafiya, sai ya ɗauki hularsa ya fita. Yarinya ta baro uwarta ta zo gidana, in ba ta abinci da harshen da nake korar masu latti da shi? Ba zan iya ba.”

Na koma gida ina juya maganar. Da na ba mijina labari, bai ko ɗago daga abincinsa ba ya ce, “Ke ma ai haka kike. Tambayi 'ya'yanki.” Na tambaye su. Babbar ta ce in na kira su da Hausa suna iya ƙarasa abin da suke yi, in na kira da Turanci kuwa a guje suke zuwa, kowa yana lissafin laifinsa a hanya.

Daga nan na buɗe kunne, na fara sauraron garin da nake tsammanin na sani. Abin ya zame mini kamar sabon wasa. A hanyar Bauchi na ga mota biyu sun gogi juna. Direbobin suka fito da “haba malam” da “yi haƙuri”, amma da aka zo maganar wa zai gyara, sai ga Turanci ya tashi, kowa yana tambayar ɗan'uwansa ko ya san shi wane ne. A banki ma'aikaciya tana yi mini Turanci fuska a ɗaure, da ta gane ni tsohuwar malamar ƙanwarta ce sai ta sauko Hausa, fuskar ma ta sauko tare. Abokin aikina mai darasin sauraro, mutumin Kuru ne kuma dattijon coci, da na gaya masa abin da na gano sai ya yi ta dariya. Ya ce, “Malama, mu a cocinmu waƙa da addu'a da Hausa muke yi. Sai an zauna taron kwamitin gini, rigima ta ɓarke, sannan za ki ji Turanci.”

Ashe dattijon Maraɗi bai yi ƙarya ba, mutanen Jos suna jin Turanci. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, ajiye shi suke yi don ofis da masifa. Wanda suke so, da Hausa suke tarbarsa, ko da kuwa ba harshen uwar kowa ba ne a cikinsu. Na ji ina son garin nan fiye da da. Na kuma ji haushinsa ƙwarai, don kirkinsa yana neman ja wa yarinya asara.

Damina ta yi nisa, muka yi mata gwajin hirar. Abokin aikina ya shiga ɗaya ɗakin ya zama farfesa, ita tana gaban kwamfuta, ni ina gefe. Ya tambaye ta me ya sa take son karatun ruwa, tambayar da ta rubuta amsarta fiye da a ƙirga. Ta kafe. Ya maimaita. Ya canza tambayar, ya sauƙaƙa ta. Leɓɓa suna motsi, ba sauti, sai hawaye. Na rufe kwamfutar.

Da ta nutsu ta ce, “Madam, Baba bai taɓa barin kuskure ya wuce ba, ko a wajen cin tuwo. In na yi Faransanci ya gyara, in sake, ya gyara. Sai na saba in gina maganar duka a kai, in duba ta ciki da waje, sannan in hito da ita. Da Hausa ne kawai ba mai duba ni.” Ta share fuska ta ƙara da cewa, “Ya gaya wa unguwa duka zan tafi. In na koma, mi zan ce mishi?”

Washegari na tafi Rikkos ni kaɗai, lokacin tana aji. Ban yi wa Mama kwana-kwana ba. Na gaya mata yadda gwajin ya kasance, na ce in aka ci gaba a haka yarinyar nan za ta faɗi, kuma mu da muke sonta mu ne muka kayar da ita. Mama ta saurare ni tana murza carbinta.

Can ta ce, “Zan yi. Amma ki sani ba hira zan yi da ita ba, ni ban iya hira da Turanci ba. Abin da na iya shi zan yi. Kuma kada ki gaya mata mun yi magana, in ta san shiri ne ba zai ci ba.” Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. “Za ta ɗauka na tsane ta.”

Haka kuwa aka yi. Mama ta koma shugabar makaranta a cikin gidanta. Komai da Turanci, komai da musu. Shara ba haka ake yi ba, don me ta fara daga nan? Albasar Maraɗi da ake ta yabo, me ta fi ta Farin Gada? Don me ta ce haka? Ta kawo dalili. Yarinyar kuwa amsarta ba ta wuce to, Ma, da a yi haƙuri, Ma. Ta fara zuwa aji fuska a kumbure. Wata rana ta tsaya bayan an tashi ta ce, “Madam, na yi wa Mama wani laifi ne?” Na ce mata ta dai ci gaba da haƙuri, halin tsofaffi ne. Tausayinta ya kama ni har na ji kamar in fasa, amma na daure.

Ina wurin ranar da abin ya fashe. Na je gaishe da Mama da la'asar. Famfon unguwar ya daɗe bai kawo ruwa ba, rijiyar gidan kuma ruwan sama ya dama ta. Muna zaune a tsakar gida, yarinyar tana wanke-wanke, sai Mama ta sanar da ni da Turanci, da ƙarfi yadda za a ji, cewa ta gama magana da mai tanka zai kawo mata ruwa daga tafkin Naraguta, tsohon ramin haƙar kuza. Ta ce ruwa ne garai-garai kamar gilashi, a bar shi ya kwanta kawai a sha.

Yarinyar ta tsayar da hannu. A hankali ta ce da Turanci ruwan ba shi da kyau, Ma.

Mama ta ce don me? Ruwan da ido ya ga yana da tsabta ai mai tsabta ne. Sannan ta juyo gare ni ta ƙara da cewa, wai me 'yar hamada ta sani game da ruwa?

Na ga yarinyar ta miƙe tsaye, kumfa yana ɗiga daga hannunta. Turanci ya ɓalle mata. Ba irin na littafi ba ne, wannan karon kurakurai ne birjik, inda kalma ta ɓace ta cusa ta Faransanci ta wuce. Ta ce ruwan da ba ya gudu komai ya shiga ya zauna. Ta ce akwai abin da damina ke wankowa daga gonakin da ke kewaye, akwai abin da tsohon haƙa ya bari a ƙasan tafkin, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya. Mama ta katse ta, ta ce iyayensu sun sha ba su mutu ba. Yarinyar ta ɗaga murya ta ce su 'yan hamada su ne suka san ruwa, don su ne suke tafiya neman sa, su ne suka san yaran da suka kwanta ciwo saboda rijiya mai kyan gani. Mama ta sake musu, ita ma ta sake. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga don ta ga wa ake yi da shi. Ni kuwa na toshe bakina da mayafi, ban san ko dariya zan yi ko guɗa ba.

Sai yarinyar ta ji kanta. Ta yi tsit, ta rufe baki da hannu. Ita da ko ido ba ta haɗawa da babba, yau ta ɗaga wa uwar ɗakinta murya a gaban baƙuwa. Ta zube a kan gwiwa ta ce da Hausa, “Mama, ki yi mini gafara.”

Na ga hannun Mama ya taso zai dafa kanta, ya tsaya a hanya, ya koma. Ta ce mata da Turanci ba ta gane ba, ta sake faɗa. Yarinyar ta sake faɗa da Turanci. Mama ta gyaɗa kai ta shige ɗaki. Na bi ta, na same ta zaune a bakin gado tana ta goge tabarau ɗin da ba abin da ya same shi. Ba ta dube ni ba ta ce, “Ke kika ja mini wannan.”

Tun daga ranar aikin aji ya fara tafiya. Na ajiye jan biro. Kullum sai na kawo wata magana ta rashin kan gado a kan ruwa ko noma ko karatun mata, in kafe a kanta, in bar ta ta rusa ni. Tana kuskure, ina kau da kai. In ta tsaya gina jimla sai in ce to na ci ke nan, nan take ta zabura. Abokin aikina ya ce shi dai bai taɓa ganin inda ake shirya ɗaliba da tsokana ba, amma ya shigo aka yi da shi.

Gidan Rikkos kuwa bai warware ba, don Mama ta ce sai an kai ƙarshe. Ana cikin ruwan nan na Jos da ke kwana yana wuni, zazzaɓi ya kwantar da yarinyar. Mama ta yi mata farfesu mai yaji, ta kai mata, ta ce da Turanci ta sha kafin ya huce, ta fito. Daga nan ta kira ni a waya. “Ko sannu ban ce mata ba,” in ji ta. “Ni da gidana, yarinya tana rawar ɗari, ko sannu.”

Ranar hirar da hantsi ne, ana yayyafi. Na sauka na roƙi mai janareta ya yi mana shiru, ya kuma ara mana wanda ya fi lafiya a cikin kayansa ko da wuta za ta ɗauke. Ya ce ba komai, oga madam. Ina dawowa sai ga Mama tana hawo bene a hankali, tana dafa bango, cikin leshinta na fita da ɗaurin kai kamar za ta biki. Ba wanda ya gayyace ta. Muka shigar da yarinyar, muka ja ƙofa, muka zauna a benci a baranda.

Ta bayan ƙofa ba a jin kalmomi, sai sauti. Muka ji muryar namiji, mai kauri, ta yi tambaya. Shiru. Shirun ya yi tsawo. Mama ta kama wuyan hannuna ta matse. Sai muryar yarinyar ta fito, ta yi tuntuɓe, ta tsaya, ta sake ɗauka. Wannan karon ba ta tsaya ba. Namijin ya yi magana, ta amsa tun kafin ya rufe baki. Ya sake, ta sake, muryar tana ƙara hawa. Mama ta matso ta raɗa mini, “Musu take yi da shi?” Na ce da alama. Can muka ji mutumin ya kwashe da dariya, ita ma ta yi, aka ci gaba. Sun daɗe a ciki, hannuna har ya yi sanyi a riƙon Mama.

Da ta buɗe ƙofa, fuskarta kaɗai ta isa labari. Takardar ɗauka sai daga baya ta zo, amma mu a ranar muka sani. Ta tsaya a gabanmu tana zuba bayani da Turanci, da sauri, hannu yana tashi: ya tambaye ta kaza, ya ce haƙa rijiyoyi masu zurfi shi ne maganin komai, ita kuma ta ce masa a'a, ta ba shi dalili, a ƙarshe ya ce yana ɗokin ganinta a ajinsa.

Mama ta bari ta gama. Sannan ta juyo gare ni ta ce da Hausa, “To, Malama, an sake ni?”

Na ce, “An sake ki, Mama.”

Ta miƙe da ƙyar, ta buɗe hannuwa. “Zo nan, 'yata. Sannu. Sannu da ƙoƙari. Sannu da zazzaɓin nan ma da ban ce miki ba. Ba ki yi mini laifin komai ba, ko ɗaya.”

Yarinyar ta tsaya tana kallon Mama, ta kalle ni, ta sake kallon Mama. Na ga lokacin da ta gane. Ta faɗa jikinta tana kuka, tana godiya, tana cewa ta ɗauka an gaji da ita, ta ɗauka ta yi wani abu. Duk da Turanci take faɗa, kuma ba ta san tana yi ba. Mama ta sake ce mata sannu, ya isa, share hawayenki. Yarinyar ta sake amsawa da Turanci.

Mama tana bubbuga bayanta, ta dube ni ta saman kafaɗarta, idonta ya kawo ruwa. Ta ce a hankali, “Kin ji ta? Ta riga ta tafi.”